Jan Ƙarfe ko Alminiyam: Wace Wayar Wuta Za Ka Saya a Legas, Kuma Mai Kauri Nawa?

Idan ka shiga layin masu kayan wuta a kasuwar Alaba ka ce a ba ka wayar 2.5, za a iya ɗauko maka naɗi uku, robarsu iri ɗaya, rubutun jikinsu iri ɗaya, amma kuɗin wani ya ninka na wani. Mai shago zai tambaye ka: "Alhaji, orijina kake so ko mai sauƙi?" Amsar ba a bakin mai shago take ba. Tana cikin abubuwa huɗu: irin ƙarfen da ke cikin robar, kaurinsa, nisan da wutar za ta yi, da zafin wurin da wayar za ta kwanta. Su ne ke yanke yawan turjiyar waya, wato yadda take hana wuta wucewa.

Turjiya ana auna ta da om, sunan Bajamushe Georg Ohm wanda ya fitar da ƙa'idarta a 1827. Yawan wutar da ke gudana ana auna shi da amfiya, ƙarfin da ke tura ta kuma da bolt. A Najeriya bolt 230 ya kamata ya iso gida, ko Ikeja Electric ke ba ka wuta a Agege da Mile 12, ko Eko DisCo a Idi-Araba da Obalende. Lissafi biyu kawai mai saye ke buƙata. Bolt ɗin da ke zubewa a hanya shi ne amfiya sau om. Zafin da wayar ke fitarwa kuwa, wanda ake aunawa da wat, amfiya sau amfiya sau om ne. A lura da wannan na biyun da kyau: idan ka ninka kayan da ka jona wa waya sau biyu, zafinta sau huɗu zai ƙaru, ba sau biyu ba.

Lambar da ke jikin waya, 1.5 ko 2.5 ko 16, faɗin fuskar ƙarfen ce idan an yanke shi, a murabba'in milimita. Ba kaurin robar ba ne. Masu wayar bogi sun san mutane da ido suke saye, shi ya sa suke kumbura roba su tsuke ƙarfe.

A tsakanin ƙarafan biyu, jan ƙarfe ya fi ba wuta hanya. Alminiyam mai kauri ɗaya da shi kashi 61 cikin 100 kawai yake iya yi na aikinsa. Ga alƙaluman ƙa'ida na kilomita ɗaya a zafin digiri 20: jan ƙarfe mai 1.5 om 12.1 ne, mai 2.5 om 7.41, mai 4 om 4.61, mai 6 om 3.08, mai 10 om 1.83, mai 16 om 1.15. Alminiyam kuma mai 10 om 3.08, mai 16 om 1.91, mai 25 om 1.20. Duba yadda suke haɗuwa: alminiyam 10 daidai yake da jan ƙarfe 6, alminiyam 16 ya yi kusa da jan ƙarfe 10, alminiyam 25 kuma jan ƙarfe 16. Ke nan duk inda za a sauya jan ƙarfe da alminiyam, sai an hau mataki ɗaya a kauri, kusan ninki ɗaya da rabi da ɗoriya.

To me ya sa ake sayen alminiyam ɗin? Nauyi da kuɗi. Nauyinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na jan ƙarfe ba, don haka ko an ƙara masa kauri ya yi aiki daidai, nauyinsa rabi ne kawai. A kasuwar duniya tan ɗin jan ƙarfe ya ninka na alminiyam sau uku ko fiye. Manyan layukan da ke ɗauko wuta daga tashar Egbin ta wajen Ikorodu alminiyam ne da aka murɗe a kan ƙarfe mai ƙwari, wayoyin da ke kan falwayar unguwa ma alminiyam ne. Babu injiniyan da ke ganin wannan a matsayin ha'inci. Akwai ma wata fa'ida da ba a rubutawa a littafi: ɓarawon waya bai cika wahalar da kansa a kan alminiyam ba.

Daga mitar wuta zuwa akwatin rarrabawa

Nan ne alminiyam yake da hujja mai ƙarfi. A ɗauki gida mai nisan mita 30 daga inda mitar wuta take zuwa akwatin birekoki, wato makunnan da ke yanke wuta da kansu idan amfiya ta yi yawa, kayan gidan kuma suna jan amfiya 40 idan an kunna su tare. Wuta zuwa take yi ta dawo, saboda haka tsawon da za a lissafa mita 60 ne, ba 30 ba. Wannan kuskure ne da ake yawan yi, har a cikin masu sana'ar.

Jan ƙarfe 10 zai ba da om 0.11, bolt 4.4 su zube, wat 176 su tafi a zafi. Alminiyam 16 zai ba da om 0.115, bolt 4.6, wat 183. Bambancin bai taka kara ya karya ba, kuɗin kuwa da tazara. Idan aka hau zuwa jan ƙarfe 16 ko alminiyam 25, zubewar ta koma ƙasa da bolt 3. Amma wanda ya ce tunda maƙwabcinsa ya sa jan ƙarfe 10 shi ma bari ya sa alminiyam 10, bolt 7.4 zai rasa, wayarsa kuma ta riƙa fitar da kusan wat 300 na zafi. Araha ta zama asara.

Sharaɗin alminiyam yana bakin wayar, wurin ɗauri. Ƙarfen yana da halaye uku da jan ƙarfe ba shi da su. Da ka fere shi iska ta taɓa shi, nan take wata siririyar fata take rufe shi, fatar nan kuma ba ta wuce da wuta. Na biyu, yana da taushi: ka ɗaure shi da noti yau, sannu a hankali zai lotse ya zame daga ƙarƙashin notin, ɗaurin ya saki. Na uku, yana buɗewa da zafi fiye da jan ƙarfe, kimanin 23 ne a inda jan ƙarfe yake 17, don haka duk ɗaukewa da dawowar wuta yana ɗan motsa mahaɗin. A garin da ake sauyawa tsakanin Nepa da janareta sau da yawa a yini, motsin nan ba kaɗan ba ne.

Sai matsalar da ta fi damun Legas musamman. Idan alminiyam ya taɓa jan ƙarfe kai tsaye, kuma akwai laima, su biyun sai su zama kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Iskar Legas ga danshi ga gishirin teku, musamman a Apapa, Ijora, Obalende da duk gefen ruwa. Farin garin nan da ake gani a inda aka murɗa wayar falwaya da wayar gida, shi ne alminiyam ɗin da ya ruɓe. Maganinsa log, wato kan ƙarfe da ake matsawa a bakin waya don a ɗaure ta, mai ƙarfe biyu, ɓangare ɗaya alminiyam ɗaya jan ƙarfe, a matse shi da abin matsa log na gaske, ba da guduma ko filaya ba. Kafin a zura wayar a goge bakinta da burushin ƙarfe, a shafa man hana tsatsa na mahaɗin wuta. Bayan wata 6 a kashe wuta a sake duba ɗaurin. Wanda ya san ba zai yi waɗannan ba, ya sayi jan ƙarfe ya huta.

Me ya sa ake wannan dogon kashedi a kan mahaɗi? Saboda turjiyar da ta taru a wuri ɗaya ta fi wadda ta bazu a tsawon waya haɗari nesa ba kusa ba. Mahaɗin da ya saki har ya kai rabin om, idan amfiya 15 na bi ta kansa, wat 112 yake fitarwa a wurin da bai fi kan ɗan yatsa ba. Bireka ba za ta faɗi ba, domin ita amfiya take ƙirgawa, amfiyar kuma ba ta wuce ƙima ba. Haka roba za ta yi ta dahuwa har ta kama. Warin ƙonanniyar roba ko soket da ya yi baƙi a gefe ɗaya, yawanci wannan ne.

Cikin ɗaki

A nan babu gardama: jan ƙarfe. Soket, makunni da mariƙin ƙwai duk an ƙera notinsu don jan ƙarfe ne, kuma siririn alminiyam yana karyewa idan aka lanƙwasa shi sau biyu ko uku a cikin akwati. Amurka ta gwada saka siririn alminiyam a gidaje tsakanin tsakiyar shekarun 1960 da farkon 1970 lokacin da jan ƙarfe ya yi tsada, gobarar da ta riƙa tashi daga mahaɗai ce ta sa aka janye. Abin da ya rage a zaɓa shi ne kauri.

Teburin da masu haɗa wuta ke bi ya ce waya mai robar PVC a cikin bututu tana ɗaukar amfiya 17.5 idan 1.5 ce, 24 idan 2.5 ce, 32 ga 4, 41 ga 6, 57 ga 10. Sai dai alƙaluman nan an yi su ne a kan iska mai digiri 30, da layi ɗaya tak a bututun. Robar PVC iyakarta digiri 70. Saman silin ɗin gidan kwano da rana tsaka a watan Maris yakan kai digiri 45. A wannan zafi sai a rage ƙarfin wayar zuwa kashi 79 cikin 100. Idan kuma layi uku aka cusa a bututu ɗaya, kowanne yana gasa ɗan'uwansa, a sake ragewa zuwa kashi 70. Wayar 2.5 da takarda ta ce 24, ta dawo amfiya 13 da 'yan kai. Butar lantarki mai wat 2000 tana jan kusan amfiya 9, dutsen guga mai wat 1200 yana jan 5. Su biyu kaɗai sun cika ta.

Zafin yana kuma ƙara turjiyar da kanta. Kowane digiri ɗaya yana ƙara kusan kashi 0.4 cikin 100, a jan ƙarfe da alminiyam duka. Wayar da ta kai digiri 70 turjiyarta ta ƙaru da kashi 20 a kan abin da ke tebur. Zafi na ƙara turjiya, turjiya na ƙara zafi.

A aikace, 1.5 ta ƙwan fitila da fanka ce, da bireka mai amfiya 10. Soket na yau da kullum 2.5, da bireka 16 ko 20. Na'urar sanyaya ɗaki da hitar wanka kowacce a ja mata layinta daban daga akwati, 2.5 idan kusa ne kuma ƙarama ce, 4 idan da nisa ko layin zai bi ta silin. Kukar girki ta lantarki 6. Bireka wayar take karewa, ba kayan ba. Idan tana yawan faɗuwa, mai gyara ya cire ta 20 ya sa ta 32 a kan wayar nan ta 2.5, to ya kori mai gadi ne ya bar ƙofa a buɗe. Gidajen haya masu ɗakuna a jere, inda aka ja waya tun ana kunna ƙwai ɗaya da rediyo, yanzu kowane ɗaki da firji da hita da abin dafa shinkafa, su ne suka fi shiga wannan hali.

Nisa yakan fi amfiya muhimmanci a wasu ayyukan. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada zubewa ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin fitilu, kashi 5 a sauran, wato bolt 6.9 da 11.5. A ɗauki injin jan ruwa mai doki ɗaya a nisan mita 40, yana jan wajen amfiya 6. Da 1.5, bolt 5.8 ke zubewa, da 2.5, bolt 3.6. Duka biyun sun wuce gwaji a takarda. Amma a daƙiƙar tashi mota, wato abin da ke juyawa a cikin injin, tana jan ninki biyar na abin da ta saba, amfiya 30 ke nan. A lokacin 1.5 za ta cinye bolt 29, 2.5 kuma 18. Ranar da taransifomar unguwa ta yi nauyi wuta ta zo da bolt 190, injin da ke kan 1.5 abin da zai gani wajen 160 ne kawai. Sai ya tsaya yana gurnani bai juya ba, kwayil ɗinsa na zafi, har ya ƙone. A ɗora wa injin laifi, alhali waya ce. Firizar masu sayar da ƙanƙara da lemo da injin markaɗe duk haka suke, domin duk mota ce a cikinsu. Duk abin da ke da mota kuma ya yi nisa, a hau mataki ɗaya.

Akwai kuma lissafin aljihu, ga wanda ke da mita mai kati. Shago yana jan amfiya 20 na awa 10 kullum, a nisan mita 25 daga mitar wuta. Da 2.5, wat 148 ke tafiya a dumama waya, yunit 44 a wata. Da 4, yunit 28. Da 6, yunit 18. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A (waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana) ya haura naira 200 kan yunit, tazarar da ke tsakanin 2.5 da 6 ta wuce naira 5,000 duk wata. Mitar ba ruwanta da ko firiza ce ta sha ko bango.

Waya ta uku, wadda ba ta faɗin sunanta

Ita ce ainihin abin tsoro, ba alminiyam na gaskiya ba. Alminiyam ne aka yi wa siririn rufi da jan ƙarfe, a ido jawur, a aiki kuwa kusan alminiyam zalla. Tana da wurin amfaninta a wayoyin sigina, amma a sayar da ita da sunan wayar gida ha'inci ne. Sau da yawa a haɗa da tsuke kauri: an rubuta 2.5, ƙarfen bai wuce 1.5 ba. Irin wannan turjiyarta ta ninka ta 2.5 na gaskiya sau biyu da rabi, zafinta ma haka, ga bireka an zaɓe ta bisa lambar ƙarya. Ƙananan wayoyin jona soket masu arha da ake tallarsu a gefen titi galibi daga wannan dangi suke.

Gane ta ba wuya. A yanke bakin wayar da filaya a dubi fuskar yankan, ko a kankare silin da wuƙa: idan fari ya bayyana a ciki, magana ta ƙare. A kara wa sili ɗaya wutar laita: alminiyam yana narkewa a digiri 660, sai ka ga ya lanƙwashe ya zube, jan ƙarfe kuwa sai 1085, baƙi kawai zai yi ya tsaya. A kusanto da maganaɗisu. Idan ya kama, baƙin ƙarfe ne aka rufa. Sai sikeli, wanda ya fi duka gaskiya. Mita 100 na 2.5 yana ɗauke da kilo 2.2 na jan ƙarfe, da robarsa ya kai wajen kilo 3. Idan alminiyam ne a ciki, ƙarfen bai kai gram 700 ba, hannu ma zai gaya maka. Mai abin auna kauri ya duba: sili ɗaya na 2.5 milimita 1.78 ne, na 1.5 kuma 1.38; idan mai sili bakwai ce, kowane silin 2.5 ya zama 0.67.

Gwaji da maltimita, wato na'urar da ke auna om, yana da kyau amma da tarko biyu. Naɗin mita 100 na 2.5 ya kamata ya nuna om 0.7 ko kusa, na 1.5 kuma 1.2. Wayoyin maltimitar kansu suna da nasu, don haka a fara haɗa bakinsu biyu a ga abin da ta nuna, a cire shi daga sakamakon. Tarko na biyu: naɗin da bai cika tsawo ba yana nuna turjiya ƙasa, sai siririyar waya ta yi kama da mai kyau. Yadi 100 mita 91 ne da ɗan kai, a tambaya da wanne aka auna. A jikin robar a nemi sunan kamfani, kauri da tambarin hukumar kula da ingancin kaya ta SON, amma kada a tsaya a nan, tunda mai iya kwaikwayon waya ba zai gaza kwaikwayon tambari ba. Saye daga dilan kamfanin da rasit ya fi.

Sola da inbata

Nan lissafin ya juye, domin bolt kaɗan ne, amfiya kuwa tuli. Inbata mai batir na bolt 24 da ke ba da wat 2400 tana zuƙar wajen amfiya 110 daga batir. A tazarar mita 2, wato mita 4 zuwa da dawowa, jan ƙarfe 10 zai zubar da bolt 0.8 ya fitar da kusan wat 90, ga shi amfiyar ta kusan ninka abin da zai iya ɗauka. Jan ƙarfe 25 zai zubar da sulusin bolt kawai, 35 kuma ya fi kwanciyar hankali. A layin 230 bolt ɗaya ba komai ba ne, a layin 24 kuwa ya isa ya sa inbata ta yi ƙara ta mutu tana cewa batir ya ƙare alhali da sauransa. Idan tsarin na bolt 12 ne, amfiyar ta sake ninkawa. A nan jan ƙarfe mai laushi, mai silla da yawa, shi ake sawa, gajere iya yiwuwa, da log na jan ƙarfe da fis kusa da kan batir. Alminiyam da waya mai rufi ba su da wuri a kan batir: tsawon bai kai a ce an yi tsimi ba, amfiya 110 kuma a kan mahaɗin da turjiyarsa ta kai om 0.01 kacal tana fitar da wat 121.